Lomar Ƙarshe a Kwarin Tannried

Da Ottmar Rauscher ya san abin da zai tarar a kwarin Tannried ranar Talatar nan, da ya bar wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Amma ya ɗauka, kuma daga wannan safiya abinci bai sake yi masa daɗi ba har mako ya ƙare.

Dokta Hellwig ne ya kira, likitan haƙorin nan na birni da ya karɓi hayar farautar dajin ƙauyen shekara shida da suka wuce. Ya ce ya ga hankaki sun taru a ƙasan kwari, ya sauka ya duba, kuma yana so Ottmar ya zo da karyarsa maza. A injin yanka katako Ottmar yake aiki, amma da bin sawu aka san shi a yankin. In maharbi ya harbi dabba ta gudu da rauni, shi ake nema, shi da karyarsa Birka, su bi jini har inda ta faɗi.

Zai fita ke nan ya tarar da mahaifinsa, tsoho Kilian, zaune a benci a ƙofar ɗan gidansa da ke bayan nasu, dab da bakin daji.

"Ka ɗauko ta kuwa?" in ji tsohon.

"Na ɗauko, Baba."

Haka yake amsa masa duk ranar da tambayar ta zo. Kilian yana da shekara tamanin da biyu, gigin tsufa ya kama shi. Shi ya riƙe hayar dajin nan shekara ashirin da bakwai kafin ƙarfinsa ya ja baya. Shekara biyu ke nan da Ottmar ya kwashi bindigoginsa uku da hannunsa ya kai wa hukuma, bayan likita ya ce kada a bar shi da makami. Yanzu wata rana ya nemi matarsa da ta rasu, wata rana ya tambayi ko an ɗauko wata aba da ba wanda ya san mece ce.

A kwarin ya tarar da mushen barewa. Mace ce, tana kwance a gefen dama cikin ciyawa, nononta cike da madara. Ta yi kwana uku da mutuwa. Harsashi ɗaya ne ya shiga bayan kafaɗa, daidai inda gwani yake sa shi. Ba a yanke ta ba, ba a ɗauki ko tsoka ɗaya ba. A watan Mayu kuwa ake, lokacin da doka ta hana taɓa uwar barewa, domin duk wadda aka kashe, 'ya'yanta da ke ɓoye a ciyawa sun mutu ke nan.

Dokta ya ce shekara uku baya yakan ƙirga bareyi arba'in a fadamar nan da yamma, bana bai taɓa ganin fiye da goma sha biyu ba. Ya zargi kyarkeci, ya zargi injin yankan ciyawa, ga shi yanzu gaskiya ta fito. Sai ya nuna bakin dabbar da tsinin takalminsa.

"Dubi nan. Ɓarawon namu mai ladabi ne, har lomar ƙarshe ya ba ta."

Ottmar ya durƙusa. Kowane maharbi yana karya ɗan reshe ya sa wa dabbar da ya kashe a baki, don girmama ta, kuma akasari kowa yana tsinkar reshen da ya fi kusa da hannunsa ya cusa shi a tsaye. Wannan kuwa na wani itace ne da ake kira erle, wanda ba ya tsirowa sai a bakin rafi, can ƙasa, tafiyar minti goma. An kuma sa shi a gicciye, kamar linzami. A duk yankin gida ɗaya ne ke yin haka. Kakan Ottmar ya koya wa Kilian, Kilian ya koya wa Ottmar, shi kuma ya kama hannun ɗansa Benedikt ya koya masa ranar da ya harbi barewarsa ta fari.

Benedikt yana da shekara ashirin da uku, yana da lasisi da bindigarsa. A watan Satumba zai fara aikin gandun daji na gwamnati da ya yi shekara biyar yana karatunsa. Wanda kotu ta kama da satar farauta kuwa ba lasisi, ba aiki, wataƙila har da kurkuku.

Dokta ya tambayi Ottmar ko ya ga wani abu. Ottmar ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce ƙasa ta bushe, sawu bai zauna ba.

Kafin yamma Birka ta gano 'ya'yan biyu, sun mutu a kwance kusa da juna. Zuwa Laraba ta kai shi ga ƙasusuwan wasu bareyin huɗu a kwaruruka daban-daban, duka mata, biyu na bana biyu na bara. Labari ya cika ƙauye. A shagon burodi, inda Hedi matar Ottmar take aiki tun asuba, kowa da wanda yake zargi, kuma in maharbi ya shigo sai a yi shiru.

Ottmar ya fara bincikensa da Lenz mai gidan abinci, saboda a nan ne kaɗai ake sayar da naman barewa duk shekara. Lenz bai ko ɓata rai ba. Ya ja shi har ɗakin sanyi, ya buɗe masa firji, ya nuna masa takardar da ke liƙe a kowane ƙunshi.

"Ottmar, ka san ni da kwaɗayi. Ni ne zan harbe nama in bar wa hankaki? Je ka tambayi Lindner, ita da take kallon barewa kamar fara."

Uwargida Lindner ita ce shugabar gandun daji, kuma a ƙarƙashinta Benedikt zai yi aiki. Ba ta ɓoye ba, ta ce bareyi suna cinye mata ƙananan itatuwa kuma tana so a rage su, amma ita da wasiƙa take faɗa, ba da harsashi a lokacin shayarwa ba. Ta ƙara da cewa duk wanda ya yi wannan ya san aikinsa, kuma in ɗan gari ne to kada ya kuskura ya nemi aiki a dajinta. Ottmar ya ce haka ne, ya fita.

Ranar Alhamis ya je gonar Burgi Stadler, wadda fadamarta ta haɗa iyaka da dajin. Ya same ta tana wanke garwar madara. Ta ce a gaya wa Dokta ya daina jingina mata laifi, ita ba ta taɓa sa inji a ciyawa ba sai ta bi ta da ƙafa tukuna, kamar yadda uwarta take yi. Ta ji ƙarar bindiga ranar Asabar wajen ƙarfe shida na safe, ta ɗauka Dokta ne ke neman aladen daji. Sai ta ajiye garwar ta ce ya biyo ta.

A ƙofar rumfar ciyawarta da ke bakin daji akwai rami ƙarami, daidai ƙirjin mutum. Ottmar ya sa ɗan yatsa, ya leƙa ta ciki ya ga inda harsashi ya tsaga katakon.

"Watan jiya ne," in ji ta. "Jikata a nan take wasan 'yar tsana in ina aiki. Ban faɗa wa kowa ba, don ban san wa zan faɗa wa ba." Ta goge hannu a zanen gabanta. "Ottmar, tare muka yi makaranta, shi ya sa zan gaya maka kai kaɗai. Sau uku ina ganin Benedikt yana shiga dajin nan da sassafe, da sauri, kamar wanda aka koro. Ranar Asabar ma na gan shi. In an tambaye ni a taron masu gonaki ranar Lahadi, ba zan yi ƙarya ba."

Da ya koma gida Benedikt bai dawo ba. Ottmar ya buɗe akwatin ƙarfen da suke ajiye makamai, ya ciro bindigar ɗansa, ya kai hanci bakinta. Mai kawai ya ji. Yana cikin haka yaron ya shigo, ya tsaya a ƙofa yana kallonsa.

"Baba, da ka tambaye ni."

"To, na tambaye ka. Me kake yi a daji da sassafe?"

Benedikt ya ce bai harbi komai ba tun watan Janairu, kuma ya kamata ubansa ya yarda da shi. Ottmar ya ce ba wannan ya tambaya ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce abin da yake yi a daji ba laifi ba ne, kuma ba zai faɗa ba. Ottmar ya mayar da bindigar ya kulle, ya sa mabuɗin a aljihunsa. Ya san bindiga mai tsabta ba shaida ba ce, don shi ya koya wa yaron goge ta.

Ranar Asabar ya koma kwarin shi kaɗai da Birka. Ranar farko Dokta yana tsaye a kansa, kuma shi kansa tsoro ya hana shi dubawa da kyau. Yanzu ya tsaya inda barewar ta faɗi, ya juya baya, ya fara hawa tudu a hankali yana neman hanyar da maharbin ya bi ya fita.

Taku talatin ya ga reshe a ƙasa, tsawon rabin hannu, an ɓare masa ɓawo har ya yi fari, an fiƙe bakinsa, bakin yana nuna kwari. Iska ba ta ɓare reshe. Ya ci gaba, ya sami na biyu a kan kututture, na uku a gindin wani dutse, kowanne yana nuna na bayansa. Wanda ya saci dabba ɓoye sawunsa yake yi, wannan kuwa hanya ya shimfiɗa don wani ya biyo ya same ta.

Rassan suka kai shi har mararrabar da tsohon gicciyen katako yake. A gindin gicciyen an ɗora rassa biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ma'anarsu a wurin maharban zamanin da ita ce, ka jira a nan.

Ottmar ya zauna a ƙasa. A nan yake tsayawa da amalanke yana ɗan shekara goma. In babansa ya yi harbi sai ya jera rassa, ya dawo gida ya sha kofi, ya ce masa ya je ya ɗauko. Shekara talatin ke nan ba wanda ke yin wannan. Maharban yanzu da waya suke aiko wa juna wuri, kuma Ottmar bai taɓa koya wa Benedikt jera rassa ba, don bai ga amfaninsa ba.

"Ka ɗauko ta kuwa?" Shekara biyu tsohon yana tambayarsa, shi kuma yana cewa ya ɗauko.

Da ya nuna wa Benedikt farin reshen, yaron ya faɗi sauran. Tun bara, in iyayensa sun fita aiki, yakan leƙa ya tarar ba Kaka a gado. Sai ya bi shi da gudu, ya same shi a bakin daji yana dawowa, wando jiƙe da raɓa, hannu wofi. Ya ɓoye maganar don ya san in ta fito za a kai Kaka gidan kula da tsofaffi, kuma tsohon ya sa shi ya yi masa alkawari. Bindiga kuwa bai taɓa gani ba, bai ma kawo ta a ransa ba sai da aka ga barewar.

Suka birkice ɗan gidan tsohon, ƙarƙashin gado, saman rufi, rumfar itace, ba su sami komai ba. A nan Ottmar ya tuna wata magana da ya ji yana yaro, cewa bayan yaƙi da aka zo karɓar makamai, kakansa ya ba da duka sai ɗaya, wadda ba ta cikin kowace takarda. Ya tambayi Kilian a hankali. Tsohon ya dube shi da fara'a ya tambaya ko dusar ƙanƙara ta narke a kan tudu.

Hedi ta ce su faɗa wa 'yan sanda. Ottmar ya ce a ba shi lokaci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zai sa wa ƙofar kwaɗo, zai nemo bindigar ya jefa a tafki, magana ta mutu. Mutumin da ya riƙe dajin nan shekara ashirin da bakwai ba tare da ya taɓa harbin uwa a lokacin shayarwa ba, bai kamata ya ƙare da sunan ɓarawon barewa ba.

Ranar Lahadi bayan coci masu gonaki suka taru a babban ɗakin Lenz. Uwargida Lindner ta zo, maharban ƙauyukan kusa ma sun zo. Kilian yana teburinsa na kullum kusa da murhu, da kofin giyarsa ɗaya da ya saba sha duk Lahadi. Farin reshen yana cikin aljihun rigar Ottmar.

Dokta Hellwig ya tashi ya ce bareyi biyar da 'ya'yansu ne aka gani, Allah kaɗai ya san waɗanda ba a gani ba. Ya ce ya nuna hoton bakin barewar ga wani tsohon maharbi, an gaya masa gidan da ke sa reshen erle a gicciye. Bai kama suna ba, amma kowa ya juya ya dubi Ottmar da Benedikt. Lenz ya yi ƙoƙarin sa wasa, ya ce in reshe ne shaida to a kama rafi, ba wanda ya yi dariya. Wani ya tambayi Burgi abin da ta gani. Ta faɗa, idonta a kan teburi, har da ramin da ke ƙofar rumfarta. Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Wata mata ta ce 'ya'yanta ta wannan hanyar suke bi zuwa tashar bas.

"Benedikt," in ji Uwargida Lindner, ba tare da ta ɗaga murya ba, "me ya kai ka dajin ranar Asabar?"

Yaron ya dubi teburin da ke kusa da murhu, ya dubi ubansa. Fuskarsa ta yi fari fat. Dokta ya ce to gobe da safe zai kai sunan ofishin 'yan sanda.

Ottmar ya tashi. Ya ratsa tsakanin kujeru, ya ciro reshen ya ajiye a gaban mahaifinsa, kusa da kofin.

Kilian ya ɗauka, ya juya shi, ya shafa fiƙaƙƙen bakin da babban yatsa. Idonsa ya washe kamar an kunna fitila.

"Sai yanzu ka gani?" Muryarsa ta fito da ƙarfi, irin wadda Ottmar ya sani yana yaro. "Na jera maka su tun daga gicciye, ko makaho zai bi. Kullum ka ce ka ɗauko, ni kuwa ban ga nama a rataye ba. Farautar kaka ta kusa ƙarewa, malalacin yaro, ka bar mini dabba tana ruɓewa a kwari."

A waje ciyawar Mayu ce kore shar, tagogi a buɗe. Burgi ta rufe bakinta da hannu.

"Baba," in ji Ottmar, ya durƙusa a gefen kujerar, "ina bindigar take?"

Tsohon ya dube shi, ya dubi mutanen da suka zuba masa ido, ya yi murmushin wanda ba a yi wa wayo.

"Tana inda take kullum. Ba a faɗa a gaban baƙi."

Ko da ba baƙi bai faɗa ba. 'Yan sanda sun tambaye shi, likita ya tambaye shi, Ottmar ya tambaye shi safe da yamma. Wata rana ya ce babansa ne ya ɓoye ta, a tambaye shi. Wata rana ya ce wace bindiga. Kotu ba ta tuhume shi ba saboda halin da yake ciki, amma kafin wata ya ƙare aka kai shi gidan kula da tsofaffi a birni, ɗakin da tagarsa take kallon wurin ajiye motoci. Benedikt ya fara aikinsa a watan Satumba. Ya daɗe bai yi wa ubansa magana fiye da gaisuwa ba, Ottmar kuma bai tambaye shi ko don bindigar da ya shinshina ne ko don Kaka ba.

An bi dajin da mutum ashirin da na'urar neman ƙarfe, kwana uku. An tono tsohuwar waya da takalmin ƙarfe na doki da gwangwanaye. Ottmar ya ci gaba shi kaɗai. Duk ranar da ba ya aiki yakan fita da Birka, ya leƙa kogon itace, ya ɗaga duwatsu, ya zura hannu ƙarƙashin saiwoyi a bakin rafi. In ya haɗu da yara suna gina bukka da rassa sai ya kore su gida, har iyaye suka fara cewa ya cika tsoro. Burgi ta daina kai jikarta rumfa.

Bareyi sun ɗan ƙaru a shekara ta biyu, amma ba su koma arba'in ba, kuma ba wanda zai iya cewa ko tsohon kaɗai ne ya rage su. Bindigar tana wani wuri tsakanin ɗan gidan Kilian da gicciyen katako. Har yau ba a san inda take ba, ba a san harsashi nawa ya rage ba, ba a kuma san ko akwai ɗaya a cikinta ba.